Mutumin da ke jikin bango: wa ya rusa gidan su Tom da Laura?

Ɗan_Tudun_Wada
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya na gama karanta wasan kwaikwayon *The Glass Menagerie* na Tennessee Williams, karo na biyu ke nan. Na farko muna aji biyu a jami'a aka ɗora mana shi, lokacin kuwa maki kawai nake farauta. Wannan karon abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai.

Mutum huɗu ne ke hawa dandamali: uwar gidan Amanda, ɗanta Tom, 'yarta Laura, sai baƙon da aka gayyato cin abinci, Jim. Amma tun a jawabin buɗe wasa Tom ya ce akwai na biyar, wato ubansu, wanda ba ya fitowa sai a wani ƙaton hoto da ke rataye a falo. Ma'aikacin kamfanin tarho ne, ya ajiye aiki ya bar gari. Labarinsa na ƙarshe kati ne daga Mazatlan, can gaɓar teku a Meziko, kalma biyu rak, ɗaya gaisuwa ɗaya bankwana, ko adireshi babu.

Ni a ganina wannan mutumin ne ke juya wasan daga farko har ƙarshe, ko da bai ce uffan ba. Duk abin da uwar da 'ya'yan suke yi, amsa ce ga tafiyarsa. Ko dai na yi zurfi da yawa?

Sarkin_Musu
Wa alaikumus salam. Ka yi zurfi har ka nutse, ɗan'uwa. Matsalar gidan nan ba a bango take ba, tana zaune a kan kujera tana magana ba ƙaƙƙautawa, sunanta Amanda. Matar da ƙaton saurayi yana cin abinci tana koya masa yadda ake tauna. Ya aro littafi, ta ɗauka ta mayar laburare ba da saninsa ba, wai littafin ƙazanta ne. Kullum labarin ranar Lahadin da samari 17 suka zo wurinta zance a garinsu can Misisipi. Wallahi ko ni ne mijin nan, Meziko ma ta yi mini kusa.

Hajiya_Mai_Ɗinki
To fa. An fara. Namiji ya gudu ya bar mace da yara biyu, ɗaya ma mai lalura, amma laifin na macen ne don tana da surutu. Allah Ya kyauta.

MalamarAdabi
Sarkin_Musu, ka karanta maganganun 'yan wasa ka tsallake bayanan da marubucin ya sa a tsakani, kuma a wannan wasan rabin labarin yana can.

Duba fitowa ta uku, inda Tom da uwarsa suke rigima. Me ke jikin Amanda? Tsohuwar rigar wanka ce da ta yi mata yawa, kuma an faɗa ƙarara cewa ta mijin ce da ya gudu. Laura fa, duk lokacin da abu ya fi ƙarfinta ina take nufa? Wurin garmaho, ta ɗora tsofaffin fayafayan da uban ya bari. Tom yana aiki a siton wani kamfanin takalma a kan dala 65 a wata, aikin da ya tsana kamar mutuwarsa, don shi ne ke biyan haya da kuɗin wuta, wato ya hau kujerar da uban ya tashi a kai. Har sana'ar Amanda: a tarho take kiran mata tana roƙonsu su sabunta rajistar wata mujalla. Mijin ya bi wayar tarho ya ɓace, ita kuma da wayar take neman abin sa wa a baki.

Surutun da kake ƙorafi a kai tsoro ne. Me ta sa Tom ya yi mata alkawari? Cewa ba zai zama mashayi ba. Da ya ce zai kawo abokin aikinsa gida, cikin tambayoyinta na farko akwai ko yana sha. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ɗalibi_Aji_Uku
Malama don Allah, ba a yaƙi ya mutu ba? Na ga an ce hular soja ce a kansa a hoton. Muna da jarrabawa a kan littafin nan mako mai zuwa.

MalamarAdabi
A'a ɗana, kada ka rubuta haka. Hular sojan Amurka ce ta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, hoton samartaka ne. Wasan kuwa a shekarun 1930 yake faruwa, a birnin St. Louis, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Da ƙafarsa ya fita. Tom ya gaya wa Jim cewa an doshi shekara 16 rabonsu da shi. Ka je ka karanta littafin, fitowa 7 ne kacal, zama ɗaya za ka gama.

Bakatsine_Na_Asali
Lissafi ya kama ni. Laura ta ce wa Jim za ta cika 24 a watan Yuni. Cire 16, ke nan ba ta wuce shekara 8 ba da ya tafi. Tom kuma ƙaninta ne. Yarinya mai ƙarfe a ƙafa tana ɗingishi, a shekarun da yaro ke fara tambayar kansa ko shi ne sanadin abin da ya faru a gida. Ba mamaki ta koma wasa da dabbobin gilas, su dai inda ka ajiye su nan za ka same su.

Sarkin_Musu
Bakatsine, wannan kai ka ƙara da kanka. Babu inda Laura ta ce tana kewar ubanta. Kunyarta daga ƙarar ƙarfen ƙafarta take, ita da bakinta ta faɗa wa Jim yadda take jin kamar tsawa in tana hawa bene a makaranta. Kuma wa ya tura ta makarantar koyon tafireta, har ta yi amai a gaban mutane ranar gwaji? Uwar. Dala 50 ta zuba ba ta tambaye ta ko tana so ba.

Bakatsine_Na_Asali
Me ya sa ta tura ta? Don ta san babu uban da zai riƙe ta. Amanda ta faɗa da bakinta, ta ga yadda matan da ba su yi aure ba kuma ba su da sana'a suke ƙarewa a ɗan ƙurƙutun ɗaki a gidan surukan 'yan'uwa, ana ciyar da su ana harara. Kullum ka bi zaren sai ya kai ka jikin bangon nan.

'Yar_Damagaram
Ban karanta littafin ba, amma tun da kuka fara nake bin ku, don labarin kamar a gidanmu aka ɗauko shi. Babanmu ya tafi ci-rani Libiya ina da shekara 6. Shekara biyu yana aike, sai aike ya tsaya. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Wani ya ce ya gan shi a Sabha, wani ya ce ya yi aure. Innarmu ba ta rataye hoto ba, amma akwai buta da darduma da ba mai taɓawa. In baƙo ya yi sallama da magariba sai ta yi tsit, cokali a hannu, har sai ta gane muryar.

Abin da nake so in ce wa Malam Sarkin_Musu: innarmu kafin tafiyar nan mace ce mai sanyi, kowa ya shaida. Bayan tafiyar ta zama mai faɗa, yayanmu bai isa ya kai isha'i a waje ba. Wanda ya san ta daga baya kawai zai ce halinta ne ya kori mijin. Mu mun san wanne ya riga wanne.

Hajiya_Mai_Ɗinki
Allah Ya saka wa innarku da alheri, 'yar'uwa. Kin gama magana.

Sarkin_Musu
'Yar_Damagaram, Allah Ya bayyana shi, Ya ba ku haƙuri. Ban yi da niyyar taɓa kowa ba. Amma a wasan dai, ku tuna wa ke ba da labarin. Tom ne, kuma tun farko ya ce wasan tuna baya ne, ba hoto ba ne na abin da ya faru. Mutumin da ya gudu ya bar uwarsa da yayarsa cikin duhu shi ke ce mana "ai gado na yi". Wa ya fi shi amfana da a ɗora wa uban laifi? Ƙila ma shi ya ƙara wa hoton girma.

Ɗan_Tudun_Wada
Kai, wannan kam ta shige ni. Ban taɓa kallonsa ta nan ba. Lallai da yake gaya wa Jim shirinsa na tafiya, sai da ya nuna hoton ya ce shi kamar ubansa yake, har ya zagi kansa ya haɗa da uban. Kamar mai neman izini.

Alƙalami_Ya_Fi_Takobi
Ni inda na fi so a wasan duka shi ne farkon fitowa ta huɗu. Tom ya dawo da asuba a buge, yana ba Laura labarin wani mai dabo da ya kalla. Aka sa mutumin a akwatin gawa aka buga ƙusoshi, ya fito ba tare da an cire ƙusa ko ɗaya ba. Tom ya ce shiga akwati ba wuya, amma wa ya taɓa fita bai cire ƙusa ba? Nan take sai haske ya faɗa kan hoton uban yana murmushi.

To a nan nake ganin ku biyun duka kun taɓa gaskiya amma kun wuce ta. Abin da uban ya bar wa Tom ba talauci ne kawai ba, ƙarya ce. Murmushin nan na hoto kullum yana ce masa ana iya tafiya ba a ji ciwo ba. Ba wanda ya ga uban ya tsufa, ba wanda ya gan shi yana nadama a wani ɗakin haya a Meziko, saurayi ne mai hula har abada. Tom ya gaskata, ya tafi, sai ya tarar shi ƙusoshin sun biyo shi. A jawabinsa na ƙarshe yana yawo gari gari, ya ga kwalaben turare a tagar shago sai ya ji kamar Laura ta dafa kafaɗarsa. Da uban ya dawo ko sau ɗaya, a tsiyace, da furfura, ina jin da Tom bai tafi ba.

MalamarAdabi
Alƙalami, zan ari wannan in kai aji, da izininka.

Baban_Yara77
Ni duk ba wannan ba. Tambayata ɗaya: ina dangi? Mutum ya gudu shekara 16, babu baffa, babu kawu, babu kaka? A nan da wuya a bar yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai da nauyin gida shi kaɗai. Wan uba zai shigo, ko a raba yaran, ko uwar ta koma gidansu. Wannan matsalar Turawa ce, kowa tasa ta fisshe shi.

Hajiya_Mai_Ɗinki
Baban Yara, wace "nan" ɗin? Ka zo shagona ka zauna yini ɗaya. Yara mata 5 nake koya wa ɗinki yanzu, 3 daga cikinsu uban yana raye amma ba a san inda ya sa gaba ba. Baffannin suna nan ƙalau, ranar ɗaurin aure za ka gan su da babbar riga sun zo karɓar sadaki. Kafin nan kuwa ko sabulu.

Baban_Yara77
Hajiya ban ce babu ba. Na ce ba haka tsarin yake ba.

Hajiya_Mai_Ɗinki
Tsari a baki.

MalamarAdabi
Tambayar Baban Yara tana da amsa a cikin wasan. Amanda 'yar kudancin Amurka ce, 'yar ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, inda manemanta masu gonakin auduga ne. Auren ma'aikacin tarho ne ya ciro ta daga can ya kawo ta babban birni, cikin wani gini mai ɗakuna kamar saƙar zuma, wanda ta matakalar gudun gobara ake shiga gidan nasu. Ya raba ta da mutanenta tukuna, sannan ya tafi. Kamar a ɗauko yarinya daga ƙauyen Gumel a kai ta Legas, a ajiye ta a ɗaki ɗaya, a wayi gari babu miji. Wane kawu za ta kira?

Wani abu da ya ba ni tausayi: ranar da Jim zai zo, ta ciro tsohuwar rigarta ta 'yammatanci ta sa, tana ba da labarin bazarar da ta yi fama da zazzaɓin cizon sauro tana shan kwinin tana zuwa rawa, tana tsinko furanni har gida ya cika. Labarin yana ta tashi sama, sai ta zo kan haɗuwarta da yaron nan, wato uban yaran, ta tsaya a gaban hoton. Rigar da ta sa don tarbar mai neman 'yarta ita ce rigar da ta haɗu da mijin a cikinta. Har yanzu son shi take yi, shi ya sa hoton bai sauka ba.

Almajirin_Fiƙihu
Gafara dai malamai, in ɗan sa baki kan maganar 'Yar_Damagaram, don kada wata ta karanta ta ɗauka haka shari'a ta ce a zauna. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace ba a san inda yake ba tana kai ƙara wurin alƙali. A bincika, in ba a same shi ba a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta sami damar aure. Wannan ma in ya bar abin da za a ciyar da ita ne. In bai bari ba, tana da haƙƙin neman a raba auren saboda rashin ciyarwa, ba sai ta jira shekarun nan ba. Mata da yawa ba su sani ba, wasu kuma sun sani kunya ce ke hana su.

'Yar_Damagaram
Malam, an gaya mata. Limamin unguwarmu da kansa ya zo. Ta ce in ya dawo ya tarar da ita a gidan wani fa? Ba rashin sani ba ne.

Almajirin_Fiƙihu
Allahu Akbar. To Allah Ya ba ta ladan haƙuri.

Zazzagawa
Ku bar ni in yi dariya kaɗan, zauren ya yi nauyi. An gyara gida, an sayi sabuwar fitila, an dafa kifi, baƙo ya zauna, ana cikin cin abinci sai ɗif, wuta ta ɗauke. Mu nan wa zai ce wani abu? Sai a kunna tocilar waya a ci gaba da loma. Su kuwa abin kunya ne, don Tom ne ya karkatar da kuɗin wutar ya biya rajistar ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa. Yaro ya ci kuɗin wuta zai shiga duniya 😂

Alƙalami_Ya_Fi_Takobi
Zazzagawa, dariyar taka ma hujja ce. Uban ya bar kamfanin tarho, layi ya yanke. Ɗan ya ci kuɗin lantarki, wuta ta yanke. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ragowar wasan duka a hasken kyandir aka yi shi, har rawar Jim da Laura, har faɗuwar dokin gilas ɗin nan mai ƙaho ɗaya da ƙahon ya karye.

Ɗalibi_Aji_Uku
Jim ɗin ya aure ta a ƙarshe?

Zazzagawa
Yaro je ka karanta littafinka 😂 Yana da budurwa, Betty, an kusa biki.

Dattijon_Zaure
Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Akwai abin da ya kamata a sani game da marubucin, don zai ƙara wa Sarkin_Musu ƙarfi, ko da yake ba na son ƙara masa.

Sunansa na yanka Thomas, wato Tom. An haife shi a 1911 a Misisipi. Ubansa Cornelius tallan takalma yake yi gari gari, ba ya zama, yaran suka tashi a gidan kakansu na wajen uwa, wanda limamin coci ne. A 1918 aka ba uban aikin ofis a kamfanin takalma na International a St. Louis, iyali suka koma can. Daga nan ne fa zaman ya ɓaci, don mutumin mashayi ne, ɗan caca, mai zafin rai, yana yi wa ɗan ba'a da sunan mata. Shi ne ya cire shi daga jami'a ya sa shi aiki a kamfanin takalman. Yayarsa Rose kuma, wadda ita ce Laura, ta yi fama da taɓin hankali, a 1943 aka yi mata tiyatar nan ta yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa, ba ta sake komawa daidai ba har ta rasu a 1996. Wasan ya fara fitowa a Shikago a ƙarshen Disamba 1944, ya isa New York a Maris 1945.

Kun ga ke nan uban gaskiya bai gudu ba. Yana nan daram a gida, zamansa ne ma azabar. Da ɗan ya zo rubutu sai ya kore shi daga gidan, ya maƙala shi a bango, ya sa masa murmushi. Ni wannan ya fi komai ba ni mamaki. Kamar yaron ya zauna ya ce, da wanda nake da shi gara wanda ya tafi.

Sarkin_Musu
Baba Dattijo, Allah Ya ƙara girma. Ai na faɗa. Wani uban tafiyarsa rahama ce.

Hajiya_Mai_Ɗinki
Ba abin da ka faɗa ke nan ba. Cewa ka yi surutun matar ne ya kore shi. Kada ka canza riga a tsakiyar kasuwa.

ƊanZango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Kuna ta magana kan wanda ya gudu, ni kuma ina tunanin waɗanda suka mutu amma suka ƙi barin dandamali. A *A Raisin in the Sun* na Lorraine Hansberry, 1959, uban ya rasu kafin a buɗe labule, amma cakin inshorarsa na dala 10,000 shi ne wasan gaba ɗaya. Uwar ta sa 3,500 a kafin alƙalamin gida, ɗan ya miƙa sauran 6,500 ga abokin da ya gudu da su. Kuma duk lokacin da uwar za ta tsawata wa ɗan, da sunan uban take yi. Haka Hedda Gabler ta Ibsen, ɗan Norwe, 1890: matar aure ce, sunan mijinta Tesman, amma aka sa wa wasan sunan ubanta Janar Gabler. Hotonsa na bango, bindigoginsa na hannunta, da ɗaya daga ciki ta kashe kanta. To ashe hoton uba a falo ba Williams ya fara ba.

MalamarAdabi
Haka ne ƊanZango, amma akwai bambanci babba. Wanda ya mutu an yi masa wanka, an binne, an yi zaman makoki, an raba gado ko da bindiga ce. Iyalin Hansberry suna faɗa ne kan abin da uban ya bari. Iyalin Williams ba a bar musu komai ba sai ƙofa a buɗe. Amanda ba bazawara ba ce, ba matar aure ba ce. Yaran ba marayu ba ne balle a tausaya musu.

Wanda ya fi kusa da shi a ganina Willy Loman ne a *Death of a Salesman* na Arthur Miller, 1949. Ubansa mai sassaƙa sarewa ne yana sayarwa, ya tafi Alaska ya bar shi yana ɗan ƙarami. Da sautin sarewa ake buɗe wasan. Mutum ya haura 60, yana da 'ya'ya manya, amma har yanzu a cikin tunaninsa yana roƙon wansa Ben ya ba shi labarin babansu.

Gwaggo_Ta_Gabas
Kakanmu na wajen uba ya tafi Hajji a ƙasa kafin a haifi babanmu, irin tafiyar da ake yi ta Chadi a ratsa Sudan. Bai dawo ba. Bayan shekaru wani alhaji ya kawo labarin ya zauna a Sudan yana noma, ya yi iyali. A gidanmu ba a taɓa cewa ya gudu ba, sai dai "yana gabas". Babanmu har ya tsufa in an ambaci sunan sai ya gyara zama. Da na ji Baba Dattijo sai na ce a raina, mu ma hula muka sa wa namu muka rataye.

Baban_Yara77
Gwaggo wannan daban. Wanda ya fita don ibada ba a haɗa shi da mai bin duniya.

Gwaggo_Ta_Gabas
Ɗana, a wurin kakarmu da aka bari da ciki wata 7, ban san ko daban ba ne. Ba ta taɓa faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Mai_Kula_Da_Zaure
Jama'a a yi hattara da lafazi, kuma a dawo kan wasan. Ɗalibi_Aji_Uku, na goge saƙonka na neman a rubuta maka amsar jarrabawa. Ba a yin haka a nan.

Ɗan_Tudun_Wada
Na gode Mai Kula. Na koma na duba shafin ƙarshe saboda maganar Sarkin_Musu. Bayan Jim ya tafi, Amanda ta yi wa Tom tatas, ta ce masa mai son kai, ya fasa kofi a ƙasa ya fita. Yana tsaye a waje yana jawabin bankwana, mu kuma muna hango uwar da 'yar ta cikin gida ba ma jin abin da suke cewa. Marubucin ya ce a nan wautar Amanda ta tafi, ta sami wani irin kwarjini tana lallashin Laura. Da ta gama, kafin ta shige ciki, sai ta ɗan ɗaga kai ta kalli hoton. Shi ne abu na ƙarshe da ta yi a wasan. Ban san ko kallon zargi ba ne ko na "ga shi ɗanka ma ya bi ka".

Har yanzu ina kan bakana cewa shi ke juya gidan. Sai dai yanzu ban tabbata ko shi ɗin ne ko hoton ba.

Sarkin_Musu
Hoton ne. Kuma ba shi ya rataye kansa ba. Shekara 16 ana share masa ƙura.

Alƙalami_Ya_Fi_Takobi
In ta sauke shi, me za ta ce wa baƙo in ya tambayi ina maigidan? Hoton nan shi ne shaidar cewa ta taɓa aure, yaran nan suna da uba. Mace ita kaɗai a birni a 1930 da wani abu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

'Yar_Damagaram
Butar babanmu tana nan har yau. Bara ƙanina ya ɗauka zai yi alwala, innarmu ba ta ce komai ba, sai da ya gama ta wanke ta mayar inda take.

Hajiya_Mai_Ɗinki
Ni tambayar da ta dame ni tun ɗazu ba wanda ya taɓo ta. Kuna ta bin Tom gari gari kuna tausaya masa wai ƙusa ta biyo shi. Laura ta hure kyandir, labule ya sauka. To washegari fa? Dala 65 ɗin nan ta tafi da shi. Wa ya je ya biya kuɗin wutar?

Zazzagawa
Hajiya ai sai kuɗin mujalla.

Hajiya_Mai_Ɗinki
Matar da ake kashe mata waya tana tsakiyar magana? Malama, ke da kika koyar da shi shekara da shekaru, akwai inda aka faɗa?

MalamarAdabi
Babu, Hajiya. Tom ne mai ba da labari, kuma bai koma ya gani ba.